Telar Ɗalibai a Pantai Dalam

Ku ukun nan da kuka zo kuna nuna min bidiyon wata da ta yanka riga ta haɗa cikin minti biyu, ku ajiye wayoyin ku zauna. Kun ce in koya muku ɗinki kafin hutu ya ƙare, ku riƙa sa hotuna a intanet ana yi muku oda. Ba zan hana ku ba. Amma ba wanda zai hau keken nan sai ya ji abin da keken ya ɗauka a bayansa. Ku kuna ganin ƙarfe da zare. Ni na san mutanen da ya raka har gaban masu ba da takardar digiri.

A Gwale na koya, wajen Gwaggo Asabe, ƙanwar babana. Wata shida ban taɓa almakashi ba. Aikina farke ɗinkin da bai zauna ba, da guga, da sa maɓalli. Da ta yarda in hau keke, tsohuwar jarida ta ba ni, ta zare zaren, ta ce in bi layin rubutu da allura har sai hujin ya daina karkacewa. Yadin farko da na yanka atamfar wata maƙwabciyarmu ce mai zanen tsuntsaye. Na yanka gaba daidai, na juya yadin ban lura ba, sai tsuntsayen baya suka fito kai a ƙasa. Gwaggo ba ta dake ni ba. Ta naɗe atamfar ta ɗora min a ka, ta ce in je in gaya wa matar da bakina. Na je na tsaya a tsakar gida gaban 'ya'yanta na faɗa. Tun daga ranar sau uku nake duba yadi kafin in sa almakashi, domin abin da almakashi ya raba, allura ba ta mayar da shi yadda yake.

Zuwana ƙasar nan ta 'yan Malay ba don ɗinki ba ne. Mijina, Abban Hanifa, malami ne a wata kwalejin ilimi, ya samu tallafin gwamnati ya zo yin digiri na uku a babbar jami'ar da ke Lembah Pantai. Na biyo shi da Hanifa a goye. Muka samu ɗaki biyu a hawa na goma sha ɗaya a nan Pantai Dalam. Da za mu taho dangi suka yi ta cewa na haye, za ni in miƙe ƙafa in yi ta shan sanyin na'ura. Na kuwa miƙe ƙafar wata biyu, har na fara ƙirga jiragen ƙasa ta taga. Sai wata matar ɗalibi ta nuna min shaddar da uwarta ta aiko mata, wadda ta kai wa telan kasuwa ya ɗinka mata irin rigarsu ta 'yan ƙasa. Ɗinkin ba laifi, amma ba namu ba ne. Ta ce ita ba za ta je Idi da wannan ba. Na karɓa na farke da reza, na sake haɗawa da hannu cikin kwana huɗu. Kafin Sallah mata biyar sun ƙwanƙwasa min ƙofa.

Keken nan a Sentul na samo shi, wajen wani tsoho Ba'indiye mai gyaran kekuna a wani kedai, wato ɗan shago, da ko alama ba shi da ita. Ba na jin yarensa, Turancina kuma a lokacin bai wuce gaisuwa ba. Ya nuna min farare masu haske, na girgiza kai, na nuna wannan baƙin da ke kusurwa ƙura ta rufe shi. Ya ninka wandon jins sau shida ya bi ta kai, allura ta wuce. Na ciro ɗan siririn mayafi daga jakata na miƙa masa, domin keken da ya ci kauri ba lallai ya iya laushi ba. Ya dube ni ya yi dariya, ya sassauta zare, ya bi, bai tattare ba. Ya ce boleh, wato zai yiwu. Ya so ya cire feda ya bar min motar lantarki kawai, na hana shi. Ya sa motar, fedar ta zauna a wurinta. Kan keken a jaka na rungumo shi cikin jirgin ƙasa, teburin ya biyo baya.

Garin nan ba ya ƙaunar kayan tela. Laima ce a iska dare da rana. Allura tana tsatsa a cikin kwalinta tun ba a buɗe ba, shi ya sa kuke ganin nawa a kwalba da ɗan ƙyalle mai mai. Almakashi in ka kwana biyu ba ka goge shi ba sai ya fara tauna yadi. Shadda in ka bar ta a leda fumfuna ta hau ta. Waɗannan babu su a bidiyon minti biyu.

Sati na uku da fara aiki aka buga min ƙofa da ƙarfi. Matar da ke ƙasa da mu ce, Kak Zai, ta hau ta yi faɗa a kan ƙarar keke. Tana cikin faɗan idonta ya kai kan rigar da ke hannuna. Ta karɓa ta juya cikinta tana duba kalmasa, sai na gane tela ce, domin tela ne kaɗai ke fara duba cikin riga. Faɗan ya ƙare a nan. Ta kawo min tsohuwar darduma ta ce in shimfiɗa a ƙarƙashin tebur. Ita ta koya min baju kurung, doguwar rigar matan Malay, mai ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata da wuya mai ɗinkin hannu ƙanana kamar ƙwayar gero. Ina da shekara talatin da ɗoriya, ina da 'ya, na koma 'yar koyo. Wuya bakwai ta sa na farke kafin ta karɓi na takwas. Ban ce mata ai ni ma tela ce a garinmu ba. Wanda ya ƙi a farke masa ɗinki bai fara koyo ba.

Yawancin masu kawo min aiki ɗalibai ne, kuma yadinsu a akwati yake zuwa daga gida. Kafin in buɗe leda nakan san wanda ke da mutane a bayansa. Akwai yadin da ke zuwa da ƙanshin daddawa da kuka, don uwa ta cusa shi tsakanin kayan miya, wani lokaci har da 'yar takarda a ciki an rubuta irin wuyan da za a yi. Mai irin wannan yadin ko an dawo masa da babin littafinsa sau biyar, zai zo yana ƙorafi yana dariya, ya ce Umma ta ce ya yi ta haƙuri. Akwai kuma yadi mai tsada wanda ba ya ƙanshin komai sai kanti. Maza Abban Hanifa ke auna min su, mata ni da kaina, kuma duk awon da na taɓa ɗauka yana cikin littafi da sunan mai shi. Mutum yana tsaye hannu a buɗe tef a ƙugunsa, yakan faɗi abin da ba zai faɗa wa abokin ɗakinsa ba.

Sai shekarar kullen annoba ta zo. Ba Idi, ba suna, ba bikin yaye ɗalibai, ba jirgin da zai kawo yadi. Keke ya yi shiru. Binciken Abban Hanifa a kan abincin tarwaɗa ne, yana da tankunan kifi a ɗakin gwaji waɗanda ya yi kusan shekara uku yana aunawa. Aka rufe jami'a. Ranar da aka bar shi ya leƙa, babu kifi ɗaya mai rai. Malamarsa ta ce babu yadda za a yi sai an sake daga tushe idan an buɗe. Wa'adin tallafinsa kuma ya zo ƙarshe a daidai lokacin.

Wata rana bayan la'asar, su can Kano hantsi ne, yayansa, Yaya Sani, ya kira. Ina jin su daga kan keke. Ya ce an shirya jirgin kwaso mutane, a tattara a dawo, aikinsa na kwaleji yana jiransa, digiri ba shi ne Aljanna ba. Ya ƙara da cewa ya san ni ce nake riƙe shi don na ɗanɗana zaman ƙasar waje. Abban Hanifa sai to, to yake ta cewa. Na ga ya riga ya jawo akwati daga saman kwaba tun safe. Ni da Yaya magana ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Na tashi na miƙa hannu, ya ba ni wayar. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

Sannan na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, ƙaninku ba zai hau jirgin nan ba. Kifi ne suka mutu, ba shi ba."

Ya ce, "Ke za ki ciyar da shi?"

Na ce, "Ni zan ciyar da shi, in Allah ya yarda."

Ya kashe wayar. Washegari saƙon murya ya shigo daga Hajiya, mahaifiyarsu, wata jika ta danna mata. Ba ta ambaci abin da ya faru ba. Cewa ta yi a gaya wa ɗanta ita ruwa ta aike shi ɗebowa, kada ya dawo mata da tulu a bushe. Ya saurara sau biyu, ya mayar da akwatin inda ya ɗauko.

Takunkumin fuska muka koma yi. Kak Zai ta yanko min samfuri ta tura ta ƙarƙashin ƙofa, ninki uku, da ɗan tsini a wajen hanci. Na fara da ƙyallayen da na tara a buhu. Da suka ƙare na buɗe akwatina na fito da atamfofin lefena waɗanda ban taɓa ɗinkawa ba, na sa musu almakashi. Roba ta yi wuya a gari, na yayyanka tsofaffin singileti na ja su suka naɗe, suka zama maɗauri. Matan benen suka gaya wa matan wani benen. Mukan rataya a hannun ƙofa, mai shi ya zo ya ɗauka ba mu ga juna ba. Haka 'yan Malay da 'yan Sin da Indiyawa suka yi ta yawo a Pantai Dalam da atamfar Kantin Kwari a fuskarsu. A wata na biyu motar keken ta ƙone, Sentul kuma a rufe. Na cire bel ɗin motar na mayar da na feda, na ci gaba da ƙafa, kamar a Gwale. Sau ɗaya allura ta shige min farce ta fito ta ƙasa. Na ciro ta da filaya, na ɗaure yatsan, na gama na ranar.

Abban Hanifa shi ne mai guga da zura maɗauri daga safe zuwa azahar. Malamin kwaleji guda, yana tsaye da dutsen guga, Hanifa tana jera masa. Da an yi azahar sai in karɓe dutsen in ce ya je ya rubuta abin da za a iya rubutawa ba tare da kifi ba. Akwai ranakun da yakan zauna gaban kwamfuta bai taɓa ta ba. Duk da haka ban mayar masa da dutsen ba. Da aka buɗe ya sake zuba kifi, ya ƙara shekara biyu, ya gama. Ya samu koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta, shi ya sa har yau muke nan. Yaya Sani yanzu Daktanmu yake ce masa, ni kuma ban taɓa tuna masa ba.

Ku sani, waɗanda suka bar karatu a shekarar nan ba daƙiƙai ba ne. Na auna su, na san su. Wasunsu sun fi mijina kaifin kai. Ko dai daga gida aka ce su dawo babu wanda ya ce a'a, ko kuma ba wanda ya kira su sam.

Aikin da na fi tunawa bayan wannan shi ne leshin Nusaiba. Yarinya ce 'yar Kano da ke digirin farko a wata kwaleji mai zaman kanta, tana zaune ita kaɗai a wani bene mai kyau kusa da Bukit Bintang. Babanta ɗan kasuwa ne, bai rage ta da komai ba. Na taɓa yi mata ɗinkin Sallah shekara biyu kafin nan. Ta zo da wani leshi ruwan zuma mai nauyi, ta ce na bikin yaye su ne, saura sati uku, iyayenta sun yanki tikiti. Na sa mata tef na rubuta, sannan na buɗe tsohon shafinta don in kwatanta. Ƙugunta ya ragu da inci huɗu, damtsenta da biyu. Na tambaye ta ko ta yi rashin lafiya, ta ce karatu ne kawai. Na ce ta kawo min alkyabbar bikin in gwada tsayi, don kada siket ya leƙo ta ƙasa ba tsari. Ta ce ba a ba su ba tukuna. To a satin nan na rage wa 'yan kwalejinsu biyu tsayin tasu alkyabbar.

Na ajiye tef na ce ta zauna. Ba ta yi gardama ba. Ta ce darasi biyu ta faɗi, ta sake ta sake faɗuwa, daga nan ta daina shiga aji gaba ɗaya, kusan zango guda ke nan tana kwance a ɗaki, in ta ga dama ta yi tapau, wato ta sayo abinci a ƙunshe, ta ci, in ba ta ga dama ba ta sha shayi. Babanta kan kira ne ya tambayi sakamako, ita kuma ta ce lafiya lau. Shirinta shi ne ta yi hayar alkyabba, ta kai iyayen bakin zauren bikin a yi hotuna, ta ce katin shiga ya ƙare.

Na ninke leshin na mayar a ledarsa. Na ce mata ban taɓa ɗinka wa ƙarya riga ba, ba kuma zan fara da nata ba. Ta ce akwai teloli a gari. Na ce akwai, ga ƙofa nan, amma in ta fita da leshin nan, bayan bikin ma ita kaɗai za ta koma ɗakin, kuma bizarta ba za ta jira ta ba. Na zuba mata shinkafa da miya na ce ta ci tukuna. Da ta ci na miƙa mata wayarta na ce ta kira uwarta, ina nan zaune.

Uwar ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Abin da ta fara tambaya shi ne yarinyar tana ina yanzu, wa ke kusa da ita. Uban ne ya ɗauki zafi. Ya ce ta tattara ta dawo, ya gama asara. Da ya ji cewa a gidan tela take, ya ce a ba shi telar.

Ya ce, "Ke kika zuga ta? Ni da nake aika mata komai, me ta rasa?"

Na ce, "Alhaji, a shekara biyu ƙugun 'yarku ya ragu da inci huɗu. Tef ɗina ya sani, ku ba ku sani ba."

Na ji uwar tana magana ƙasa-ƙasa a gefensa, wayar ta katse.

Abban Hanifa ya raka ta kwalejin, tunda ya san ƙofofin da ake bi. Suka yarda ta maimaita darussan, aka gyara takardunta. Uwar ta yi amfani da tikitinta ta zo ita kaɗai. Matar da ba ta taɓa hawa jirgin sama ba sai na Hajji, ta zauna da 'yarta iyakar kwanakin da bizarta ta ba ta. Ba ta san ko harafi ɗaya na abin da yarinyar ke karantawa ba. Tana dafa tuwo, tana tashinta sallar asuba, tana raka ta har bakin tashar jirgi ta tsaya sai ta ga ta shiga. Bayan ta koma kuma kullum sai ta kira, ba don sakamako ba. Leshin yana cikin kwabata, ina fito da shi ya sha iska saboda fumfuna.

Shekara ta zagayo Nusaiba ta zo da alkyabbarta a hannu, da takardar da ke ɗauke da sunanta cikin waɗanda za a yaye. Na sake awo daga farko, domin na bara ya yi mata kaɗan. Na yi mata riga da siket da shafi mai laushi, kwana shida ina kansa, duwatsun leshin sun karya min allura uku.

Bayan bikin suka hau nan su uku. Alhaji dogo ne mai furfura, ya zauna a kujerar nan da kike kai, yana duban keke da buhun ƙyalle. Bai kawo maganar waya ba, ni ma ban kawo ba. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya yi hira da Abban Hanifa a kan kasuwa. Da za su tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya ce ƙanin Nusaiba zai zo karatu baɗi.

Ya ce, "Idan ya zo, ki riƙa auna min shi lokaci-lokaci."

Na ce, "Ni tela ce, Alhaji. In ya kawo yadi zan auna shi. Sauran ku kira shi da kanku."

Uwar ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Shi kuwa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to, ya ji. Yaron yana shekararsa ta biyu yanzu. Sau ɗaya ya kawo min ɗinki, kuma yana tsaye ana auna shi wayarsa ta yi ƙara, ya ce a dakata masa, Baba ne.